Ɗana Ya Kamu da Waƙar Rap: In Fasa Wayar ko In Ƙyale Shi?

Tambayar ta zo daga wata uwa da ke zaune a Mabera, cikin garin Sakkwato. Ɗanta yana da shekara 17, yana aji biyu na babbar sakandare. Ta ce kusan shekara guda ke nan iyafis ba ya barin kunnensa, ya canza aski, ya canza tafiya, in an yi masa magana sai an maimaita. Kwanan baya tana gyaran ɗakinsa ta tsinci littafin rubutu a ƙarƙashin katifa, cike da baitocin da ya rubuta da hannunsa, wasu da Hausa wasu da Turanci. Baffansa ya ce a fasa wayar kowa ya huta. Ta rufe da cewa: "Malam, yaron ga maraya na, ni ɗai gare shi. Waƙoƙin ga su ka ɓata ɗiyan mutane, ko ko tsoro na kawai ni ka ji? Mi za ni yi?"

Hajiya, Allah ya jiƙan mahaifinsa, ya raya miki shi. Tsoronki yana kan hanya, waƙa tana aiki a zuciyar yaro, kuma aikin ba ƙarami ba ne. Amma kada a fasa wayar. Na daɗe ina koyar da waƙar baka, na yi yawon ɗaukar makaɗa a faifai daga Isa zuwa Maradun, na kuma zauna da samari masu irin wannan littafin da kika tsinta. Zan gaya miki inda na ga haɗarin yake, don ba a inda baffansa yake nunawa yake ba.

Mu mutanen Sakkwato ba mu da bukatar wani ya zo ya koya mana ƙarfin waƙa. Shehu Usmanu ya san talakan ƙauye ba zai karanta littafin Larabci ba, shi ya sa ya zuba wa'azinsa cikin waƙoƙin Fulatanci, daga baya 'ya'yansa suka mayar da wasunsu Hausa. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta gina tsarin 'Yan Taru na karantar da mata. Jaji, wato jagorar matan, za ta zo daga ƙauye, ta haddace baitoci, ta koma ta rera wa matan da ba su taɓa riƙe allo ba, su kuma su riƙe tauhidi da tsarki da tarihin Annabi a ka. Shehun nan kuma shi ne ya lissafa shagala da kiɗe-kiɗen banza dare da rana cikin aibobin sarakunan zamaninsa, ya bar tambari don bukata irin ta tara runduna. Wato mutanen da suka kafa garin nan sun ɗauki waƙa tamkar wuƙa, sun yanka da ita, sun kuma san tana yankan mai ita. Hukuncin kiɗa a shari'a na malaman fiƙihu ne, kuma Sakkwato ba ta rasa su ba, ki tambayi wanda kika amince da iliminsa. Ni abin da zan yi magana a kai shi ne yadda waƙa ke shiga yaro da abin da take yi in ta shiga.

Kalma ɗaya ce mabuɗin, kuma tamu ce: zuga. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya san ta. Ɗan dambe yana zaune jikinsa sanyi, sai makaɗi ya ɗauki takensa, ya kira sunan ubansa, ya ambaci waɗanda ya kayar, sai ka ga tsikar jikinsa ta tashi, ya miƙe yana kyarma, ya nufi mutumin da ɗazu yake shakka. Haka Ɗan Anace ya riƙa yi wa Shago. Haka makaɗan noma ke yi a gayya, mutum ya yi kunyar da ba zai yi shi kaɗai ba ko da kuɗi. Haka Narambaɗa ya yi a fadar Sarkin Gobir na Isa, haka Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Makaɗi ba ya ƙara wa mutum ƙarfin damtse. Abin da yake yi shi ne ya nuna wa jama'a wane ne gwarzo, ya sa kowane yaro da ke gefen fili ya ji yana son ya zama shi.

To zugar nan ba ta zaɓen alheri. A tsohuwar jihar Sakkwato, kafin a cire Kebbi a 1991 da Zamfara a 1996, mun yi Kassu Zurmi mai kiɗan 'yan tauri, mun yi Gambu mai waƙar ɓarayi, wanda ya shekara da shekaru yana wasa masu fasa gidajen mutane kafin ya tuba ya ajiye kiɗan. Babu Ba'amurke ko ɗaya a cikin wannan. Dattawan da ke cewa a zamaninsu waƙa tsarkakakkiya ce sun manta da kaset ɗin Gambu da ake sayarwa a tasha, sun manta da 'yan gambara da ke zuba batsa a tsakiyar kasuwa mata na rufe fuska. Ba banza ba ma 'yan jaridar Hausa suka laƙaba wa rap sunan gambarar zamani. Saboda haka duk waƙar da ɗanki ke ji, ta Turanci ce ko ta Hausa, da kalangu ko da kwamfuta, tambaya ɗaya nake so ki riƙa yi mata: wa take mayarwa gwarzo, wa take mayarwa abin dariya?

Shi rap ɗin kansa an haife shi cikin talauci. A watan Agusta na 1973, a unguwar Bronx ta birnin New York, wani matashi ɗan asalin Jamaika da ake kira Kool Herc ya haɗa wani ɗan biki a ginin da suke haya, ya riƙa maimaita wurin da ganga ta fi daɗi a faifai, ana ɗora magana a kai. Unguwa ce ta baƙaƙen fata da baƙi, gidaje na ƙonewa, ayyuka sun gudu, yara ba su da kuɗin sayen kayan kiɗa. Abin da suke da shi baki ne. In kika cire Turancin, kayan cikinsa duk kin san su: kirari, inda mutum ke wasa kansa, zambo, inda yake kwance wa abokin hamayya zani, habaici, da gasar wa ya fi iya sarrafa harshe, irin ta 'yan kama da maroƙa. A farkon shekarun 1980 an yi waƙoƙin rap da suka faɗi halin da talakan birni ke ciki fiye da yadda jaridu suka faɗa. Daga baya hodar iblis mai arha ta mamaye unguwannin, ƙungiyoyin daba suka yi ƙarfi, sai wani reshe ya fito daga Los Angeles yana ba da labarin bindiga da fataucin ƙwaya. Manyan kamfanonin faifai suka ga wannan reshen ya fi ciniki, har a wurin 'ya'yan farar fata masu hali da ba su taɓa kwana da yunwa ba, sai suka zuba kuɗinsu a can. Abin da ya faro a matsayin kukan mai ciwo ya koma tallar ciwon. A watan Satumba na 1996 aka harbe mawaƙin rap Tupac Shakur yana da shekara 25, wata shida bayan haka aka harbe abokin gabarsa yana da shekara 24. Har yau akwai yaran Sakkwato da ke sa riga mai hoton na farkon, ba su san bai kai shekarun yayansu ba ya mutu.

Shin jin irin waɗannan waƙoƙi yana sa yaro ya ɗauki wuƙa ko ya sha ƙwaya? A nan ina so mu yi adalci, don masu tsoratarwa da masu kare waƙar duk suna wuce gona da iri. Masu bincike a jami'ar Pittsburgh sun ɗauki waƙoƙi 279 da suka fi tashe a Amurka a 2005, suka tarar kashi 77 cikin ɗari na waƙoƙin rap da ke ciki sun ambaci giya ko ƙwaya, adadin da ya ninka na kowane irin kiɗa. Wannan gaskiya ce. Amma ga wata gaskiyar: manyan laifuffuka a Amurka sun kai ƙololuwa a 1991, daga nan suka yi ta sauka har suka ragu da kusan rabi, a daidai shekarun da rap ke hawa har ya zama kiɗan da aka fi saurare a ƙasar a 2017. Da a ce waƙar kaɗai ke haifar da ta'asa, da lissafin bai fita haka ba.

Dubi namu kuma. Shan maganin tari mai kodin ya samu mawaƙan da suka yi masa ado a birnin Houston na Amurka, kuma ya kashe wasunsu, ɗaya tun a shekarar 2000. Amma kodin ɗin da ya ci Arewa har Majalisar Dattawa ta ambaci kwalba miliyan 3 a kullum a Kano da Jigawa kaɗai, har gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi a watan Mayu na 2018, ba rap ne ya kawo shi ba. Binciken da aka yi da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 14.3 sun yi mu'amala da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Da yawan matan nan suna cikin ɗakunan aurensu, ba su taɓa jin baitin rap ɗaya ba. Abin da ya kai su baƙin ciki ne, da zaman banza, da ƙawa, da mai kemis marar tsoron Allah.

Abin da na tabbatar da shi bayan shekaru shi ne wannan: waƙa ba ta haifar da ɓarna daga babu, amma tana cire mata kunya. Yaron da ke da uba a kansa, da makaranta, da abin yi, da wanda ke sauraronsa, zai ji waƙar ƙwaya sau ɗari ya tashi ya tafi masallaci. Yaron da ya riga ya tsaya a bakin rami, babu aiki, babu mai tambayar inda ya kwana, ga aboki na miƙo masa kwalba, shi ne waƙar ke raɗa wa cewa wannan abin na manyan yara ne, ba abin kunya ba. Kunya kuwa ita ce katangar ƙarshe da ke tsare yaron Bahaushe. Ga shi kuma shekarun ɗanki su ne shekarun da zuga ta fi kamawa. Ɓangaren ƙwaƙwalwa mai auna abin da zai biyo baya ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, alhali ɓangaren son burgewa da son a yarda da mutum cikin abokai ya riga ya balaga. Karin waƙa da amsa-amo kuma suna liƙa magana a ka ko mutum bai so ba. Dabarar da ta sa kakanninmu mata suka haddace farillan alwala ita ce ke sa yaro ya wayi gari yana maimaita zagin da bai san ma'anarsa ba.

Akwai abin da ya canza ƙwarai, kuma shi ya fi damuna fiye da kiɗan. A da waƙa a fili take. In makaɗi ya zo dandali, kaka tana ji, liman yana ji daga zaurensa, mai unguwa yana ji. In ya wuce iyaka akwai mai aiko masa da yaro ya ce a sassauta. Ko zamanin kaset, rediyo ɗaya ce a gida, abin da yaro ya sa kowa ya ji. Sannan aka zo zamanin memori, yaro ya kai wa masu tura waƙa a bakin kasuwa su cika masa da abin da suka ga dama. Yanzu ko wannan ya wuce. TikTok da YouTube suna lura da abin da ya tsaya ya kalla, ko na daƙiƙa kaɗan ne, su ƙaro masa irinsa, gobe su ƙaro wanda ya fi shi zafi, don su ribarsu ita ce kada ya ajiye wayar. Duk wannan yana shiga ta wata 'yar igiya zuwa cikin kunnensa, ke kina zaune kusa da shi kina tankaɗe, ba ki san ko wa'azi yake ji ko ashar ba. Makaɗi ya shigo har ɗakin ɗanki ya zauna, babu dattijo ko ɗaya a wurin. Yawancin yaranmu ma ba sa tsintar rabin Turancin mawaƙan Amurka, amma hoto ba ya bukatar tafinta: mota, sarƙa, bandir ɗin kuɗi ana watsawa, mata tsirara-tsirara an jera su kamar kayan daki. Darasin da ke ciki guda ne, cewa darajar namiji abin da ya tara ne, ba a tambayar ta ina, mace kuma tana cikin abin da ake tarawa.

A nan zan faɗi abin da wasu ba za su so ji ba. In ana maganar waƙar da ke ɓata tarbiyya a Sakkwato ta yau, rap ɗin Amurka ba shi ne a sahun gaba ba. Wanda ke gaba da harshenmu yake, kowa na fahimtarsa, kuma manya ne ke biyan kuɗinsa. Duk kakar zaɓe ana ɗaukar mawaƙa a biya su su yi wa dattijo mai jikoki zambo, a siffanta shi da dabba, a ɗora lasifika a mota a zaga Kofar Atiku da Runjin Sambo da Gawon Nama, 'yan bangar siyasa na biye da sanduna, yara na haddacewa. Wane darasi yaro zai ɗauka game da girmama na gaba? A gidajen biki ana sa waƙoƙin da in aka rubuta kalmominsu a takarda babu uwar da za ta iya karantawa a gaban surukinta, amma ana liƙi ana guɗa, 'yan mata ƙanana na kwaikwayon rawar. Mafi muni, a shekarun nan da aka hana mutanen Isa da Sabon Birni da Goronyo noma da barci, aka ƙone matafiya cikin mota, an samu wanda ya ɗauki kayan kiɗa ya wasa ƙasurgumin ɗan bindiga, waƙar kuma ta yi yawo a wayoyin mutane har cikin gari, wasu na cewa daɗin kiɗan kawai suke ji. Wannan ita ce zugar Gambu ta dawo, sai dai yanzu gwarzon ba akuya yake sata ba. Ina jin ciwon wannan fiye da yadda zan iya rubutawa. Duk gidan da aka bar irin waɗannan suna tashi, aka kuma fasa wayar yaro don ya ji Turanci, an kashe maciji ba a sare kansa ba.

Rap kuma yana da wata fuskar da ba a cika gaya wa iyaye ba. A Senegal, a 2011, mawaƙan rap da 'yan jarida suka kafa ƙungiyar da ta bi unguwa-unguwa tana sa matasa yin rajistar zaɓe, ta taimaka wajen kayar da Shugaba Abdoulaye Wade a 2012 lokacin da ya nemi zarcewa karo na uku. A Burkina Faso mawaƙin rap na cikin jagororin matasan da suka kori Blaise Compaoré a watan Oktoba na 2014 bayan shekara 27 a kan mulki. Nan kusa da mu, in kika wuce Illela kika shiga Konni, samarin Nijar sun fara rap da Hausa da Zabarmanci tun ƙarshen shekarun 1990, suna magana a kan auren dole da cin hanci da cutar ƙanjamau. A Kano da Kaduna da Jos da Bauchi akwai masu yi da Hausa tsantsa, wasu shirme suke zubawa, wasu kuwa suna tono karin magana da tsofaffin kalmomin da ɗalibaina na jami'a ba su sani ba. Na taɓa koyar da wani yaro da ba ya buɗe baki a aji. Ranar da na ce kowa ya kawo waƙar da ya rubuta, ya tashi ya zubo baitoci a kan ƙaninsa da aka kai almajiranci bai dawo ba. Ajin ya yi tsit, wasu na share ido. Babu wanda ya san da wannan ciwon a ransa, har mahaifiyarsa.

Shi ya sa, Hajiya, a duk abin da kika faɗa, littafin nan ne ya fi kwantar mini da hankali. Yaron da ke rubutu ba buhu ba ne da ake ɗura wa kaya kawai, yana tunani, yana auna kalma, yana neman wadda za ta dace da 'yar'uwarta. Yaro maraya mai shekara 17 yana da maganganu a ciki da ba zai iya faɗa miki ido da ido ba, don kunya da kuma gudun kada ya ƙara miki nauyi. Mai yiwuwa takardar nan ce kaɗai wurin da yake faɗinsu. In aka ƙone ta ko aka yi masa dariya a kanta, ba rubutun zai daina ba, nuna miki zai daina.

Fasa waya kuma na ga ƙarshensa da idona. Wani maƙwabcina ya yi haka, ya taka ta da ƙafa a gaban ƙannen yaron. Yaron bai daina jin waƙa ba. Ya koma jin ta a wayar abokai, a wata majalisa da ke bayan kango, wurin da a da ba ya zuwa don yana da tasa a ɗaki. A can ya haɗu da wiwi. Uban ya rabu da waya ta dubu kaɗan, ya kusa rabuwa da ɗa.

Abin da nake ba ki shawara shi ne ki mayar da dattijo cikin ɗakin da makaɗi ya shiga. Ki zaɓi lokacin da babu faɗa tsakaninku, bayan isha'i an ci tuwo, ki ce masa ya cire iyafis ya sa miki waƙar da ya fi so a fili, ki ji. Zai yi mamaki, zai yi nauyin jiki, ki yi haƙuri. In ta ƙare ki ce ya fassara miki ita da Hausa, baiti-baiti. Na sha gwada wannan da ɗalibai, kuma abu biyu ke faruwa. Ko dai ya fassara ki tarar magana ce ta wahala da uwa da neman na kai, ku samu abin tattaunawa. Ko kuma ya kai wani baiti harshensa ya sarƙe, ya sunkuyar da kai, don ba zai iya furta shi a gabanki ba. In haka ta faru kada ki yi masa wa'azi, kunyar da waƙar ta cire ce ta dawo da kanta, ki bar ta ta yi aikinta. Iyaka ki tambaye shi a hankali: wanda ake yabo a nan, za ka so ƙanwarka ta aure shi? Daga nan sai ku yi yarjejeniya bayyananna. Babu iyafis lokacin cin abinci, ko in babba na magana, ko in an kira salla. Waya ta kwana a ɗakinki tana caji, ba a ƙarƙashin matashinsa ba, don rashin barci kaɗai ya isa ya rusa karatun yaro. Ki kuma sa ya rage ƙara, kada ta wuce kashi 60 cikin ɗari na ƙarfin wayar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin lalacewar ji saboda irin wannan sauraro, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Wataƙila ma maimaita maganar da kike yi masa ba duka ne taurin kai ba.

Aski da tafiya kada su ɗauke miki hankali, ƙuruciya ce, kowane zamani da nasa. Abubuwan da za ki sa wa ido daban ne: sakamakon makaranta ya faɗi warwas, ya bar tsofaffin abokai ya koma wa waɗanda ba ya son ki sani, kuɗi ko kaya na ɓacewa a gida, ko kuwa yana shigowa da kuɗi da kayan da ba ki san tushensu ba, idanu ja, barcin rana mai nauyi, magana na jan harshe, kwalaben maganin tari ko fankon tiramol a aljihu, salla ta fara zubewa, yana ɗaga wa ƙannensa mata hannu ko yana kiran mata da munanan sunaye. In kin ga biyu ko uku daga cikin waɗannan tare, to magana ta wuce waƙa, ruwa ba ya tsami banza. A kai shi asibiti a ga likita da wuri, ba tare da tozarci ba, a kuma nemo wane ne sabon abokin.

Baffansa kuma kada ki watsar da shi, damuwarsa ta ƙauna ce, kuma yaro namiji a wannan shekarun yana bukatar namiji babba kusa da shi. Ki roƙe shi ya canza salon taimakon. Maimakon fasa waya, ya riƙa ɗaukarsa zuwa shago ko gona ranar Asabar, ya ba shi wani abin da zai riƙe a matsayin nasa, ya yabe shi a gaban mutane in ya yi daidai. Yaron da ake yi wa kirari a gida ba ya yunwar kirarin waje. In maganar zuwa situdiyo ta taso, kuma za ta taso, kada a ce a'a kai tsaye, kada kuma a sake shi shi kaɗai. A ɗaura ta da sakamakon jarrabawa, a je da rana, baffansa ko wani yayansa ya raka shi ya ga su wa ke zama a wurin, don sau da yawa ba na'urar ce matsala ba, 'yan zaman bencin ƙofa ne. A kuma gaya masa gaskiya cewa cikin ɗaruruwan masu shiga situdiyo ƙalilan ne ke cin abinci da ita, saboda haka takardar makaranta da sana'ar hannu ba abin sakewa ba ne.

Sannan ki ciyar da baiwar da abinci mai kyau. Yaron da ke son sarrafa harshe, a ƙasar Narambaɗa da Jankiɗi da Nana Asma'u, bai kamata a ce malamansa duka suna hayin teku ba. Ki samo masa tsofaffin waƙoƙin fada da na noma a wayar tasa, ki ce ya saurari yadda ake jera magana uku a dunƙule cikin baiti ɗaya ba tare da ashar ko guda ba. Ki haɗa shi da malamin Hausa na makarantarsu ya nuna masa ma'aunin waƙa da amsa-amo. Zai gane cewa abin da yake ganin sabo ne kakanninsa sun yi nisa a cikinsa.

Littafin kuwa ki mayar da shi inda kika same shi, kada ki nuna kin karanta. Bayan kwana biyu, in kun zauna, ki ce masa kin lura yana son waƙa, ko ya taɓa gwada rubuta tasa? In ya ce e, ki ce kina son ya rubuta guda a kan mahaifinsa, da Hausa, ya karanta miki ke kaɗai duk ranar da ya shirya.